Ƙasar Wa Aka Ci? Nazari a Kan Ganɗoki da Maganar 'Yanci

A wannan makon filin nazarin littafi na ƙungiyar 'yan jarida ya faɗo kan aji biyu, kuma littafin da na zaɓa shi ne Ganɗoki na marigayi Malam Bello Kagara. Da yawa daga cikinmu mun san shi saboda kirari da faɗa da aljanu. Amma idan aka natsu aka karanta, za a ga labari ne na abin da ke faruwa idan sojojin wata ƙasa suka shigo suka mamaye ƙasarku, suka ce daga yau su ne masu iko. Zan haɗa shi da wani littafin Turanci mai irin wannan jigo, domin idan aka jera su biyu akwai abin da ke fitowa wanda ɗaya shi kaɗai ba zai nuna ba.

Mu fara da marubucin. An haifi Malam Bello a shekarar 1890, wato yana yaro kamar mu lokacin da Turawa suka ci ƙasarsu. Mahaifinsa alƙali ne a Kagara. Malam Bello wa ne ga Abubakar Imam mai Magana Jari Ce. Ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya kuma ya zama Walin Katsina. A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, na Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan aiki aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa: hukumar da ta sa gasar, ta duba rubutun, ta kuma buga shi, hukuma ce ta gwamnatin da ta ci ƙasar da yaƙi.

Yaƙin da littafin ya ginu a kansa ba tatsuniya ba ne. Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja, ya ce Arewa ta zama ƙarƙashinsu, alhali yawancin mutanen Arewa ba su ma ji labari ba. A farkon 1901 aka ci Kontagora da Bida, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice daga garinsa. A 1902 aka shiga Zariya, daga baya kuma aka cire Sarkin Zazzau Kwasau. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi duk da ganuwarta, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Sojojin da suka ci Kano ba su kai dubu ɗaya ba, kuma Turawan cikinsu 'yan kaɗan ne, sauran duk baƙar fata ne, da Hausawa a ciki. Abin da suka fi mu da shi igwa ce da bindiga mai ruwa. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya yi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. An cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903, can ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage har ƙasar Sudan, kuma jikokinsu suna can har yau.

A cikin wannan zamani Malam Bello ya ajiye tauraronsa. Ganɗoki jarumi ne na ƙasar Kontagora, kuma shi da bakinsa yake ba yara labarin abin da ya gani. Ya yaƙi Turawa, ya ƙi miƙa wuya, da abin ya fi ƙarfi sai ya bi sahun masu hijira zuwa gabas tare da ɗansa Garba Gagare. Daga nan labarin ya bar tarihi ya shiga wata duniya, ta aljanu da dodanni da ƙasashe masu nisa, inda Ganɗoki ke cin yaƙi bayan yaƙi yana musuluntar da mutane. A ƙarshe ya dawo gida ya tarar komai ya canja, Turawa sun zauna daram, kuma littafin ya sassauta musu murya, yana nuna zaman lafiya da sababbin abubuwan da suka zo.

Wannan tsakiyar ta aljanu ita ce wurin da aka fi jin daɗi idan ana karatu a aji, kuma wasu suna ganin marubucin ya saki hanya ne kawai. Ni ban ga haka ba. A ƙasar gaske an ci Ganɗoki da yaƙi, kuma Malam Bello ba shi da ikon canja wannan, domin a 1933 waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suna nan da rai. Ba zai kuma yiwu ya rubuta cewa Ganɗoki ya tara jama'a ya kori Gwamna ba, tunda a teburin Bature rubutun zai sauka. To ina zai kai jarumin da ba ya son a gan shi durƙushe? Sai ya kai shi inda babu bindiga mai ruwa, inda takobi da jarunta ke da amfani har yanzu. Duk nasarar da aka hana shi a gida, can ya je ya karɓo ta. A ganina wannan ɓangaren shi ne ya fi nuna zafin mamaya, ko da yake babu Bature ko ɗaya a cikinsa.

Yanzu ga tambayar da ta sa na rubuta wannan nazari. Ganɗoki yana yaƙi ne don 'yanci, babu shakka. Amma 'yancin wa?

'Yancin da yake karewa shi ne kada baƙo ya mallaki ƙasarsa, kada a taɓa addininsa, kada a wulaƙanta sarkinsa. Wannan babban abu ne, kuma mutanen da suka faɗi a Burmi da ransu suka biya shi. Sai dai Nagwamatse, wanda Kontagora ke alfahari da jaruntarsa, tarihi ya san shi da kai hare-haren kamun bayi a ƙasashen Gbagyi da Kambari da maƙwabtansu. A makarantar nan akwai 'yan'uwanmu Gbagyi, muna zama benci ɗaya da su. Yarinyar da aka kama a wani ƙauye a wancan lokaci aka kai ta kasuwa, ranar da Kontagora ta faɗi wace ƙasa ce aka ci mata? Ba ina cewa Turawa sun zo don tausayinta ba ne. Sun zo don mulki da ciniki, kuma ko dokar da Lugga ya yi a 1901 ba ta 'yanta bayin da ke hannu kai tsaye ba, ta dai hana kamawa da sayarwa, ta ce yaran da za a haifa daga wannan shekara 'ya'ya ne. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Abin da nake nufi shi ne littafin Ganɗoki muryar mai doki da takobi ce. Manomi da bawa da mace ba su ne ke riƙe da labarin ba, kuma ba a tambaye su wa suke so ya mulke su ba, ko kafin Turawa ko bayan zuwansu.

Nan ne littafi na biyu ya shigo. Sunansa The Moon Is Down, ma'ana wata ya faɗi, na John Steinbeck ɗan Amurka, wanda ya fito a 1942 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Gajere ne, kuma Turancinsa ba mai wahala ba ne, ɗan aji uku zai iya gama shi a hutun ƙarshen mako. Marubucin bai faɗi sunan garin ko ƙasar ba, amma gari ne mai sanyi da ƙanƙara a bakin teku, mai mahaƙar kwal, kuma kowa ya gane yana kama da Nowe, wadda Jamus ta mamaye a watan Afrilu 1940.

Da safiyar wata Lahadi sojoji suka shigo suka kama garin cikin ɗan lokaci. Sojojin garin goma sha biyu ne kacal, kuma wani mai kanti mai suna Corell, wanda kowa ya yarda da shi, ya riga ya shirya musu gasar harbi a bayan gari don kada a same su a kusa. Ashe ɗan leƙen asiri ne. Shugaban 'yan mamaya, Kanar Lanser, ba mahaukaci ba ne, dattijo ne mai ladabi da ya ga yaƙi ya gaji da shi. Kwal yake so, kuma yana son a haƙo masa ba tare da rigima ba. Saboda haka ya ƙi naɗa Corell, ya ce Magajin Gari Orden ya ci gaba da zama a kujerarsa, umarni ya riƙa fitowa ta bakinsa don mutane su yi biyayya.

Duk wanda ya saurari darasin tarihi zai ce, ai wannan mun san shi! Shi ne tsarin Lugga, mulki ta hannun sarakuna. Kwana shida bayan faɗuwar Sakkwato, ranar 21 ga Maris 1903, aka naɗa Attahiru na biyu, kuma Lugga ya bayyana wa manyan gari cewa ikon naɗa sarki da cire shi da ɗora haraji ya koma hannun Ingila, amma ba za a hana kowa addininsa ba. A Kano aka naɗa Abbas. A Zariya aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. Ko Nagwamatse kansa, bayan an kama shi, an maido shi Kontagora a 1903. Rawani na nan, algaita na nan, alƙali na nan, sai dai a bayan sarki akwai Razdan. Waziri Buhari na Sakkwato yana cikin waɗanda suka zauna ba su bi hijira ba, kuma ya rubuta takarda yana bayyana dalilinsa, cewa ya ji tsoron abin da zai sami jama'a da addini idan kowa ya watse. Ba na jin yaro ɗan shekara goma sha uku yana da bakin da zai ce masa ya yi laifi. Zaɓi ne mai nauyi, kuma irinsa ne ya sami Orden.

Amma a littafin Steinbeck dabarar ba ta ci ba. Wani mahaƙi mai suna Alex Morden, wanda ya taɓa zama kansila, wani hafsa ya ba shi umarnin ya koma aiki dole. Ya fusata don shi ɗa ne ba bawa ba, ya kai sara da diga, wani hafsan ya shiga tsakani ya mutu. Kanar ya so Orden ya yanke masa hukuncin kisa don abin ya zama kamar shari'ar gari ce. Orden ya ƙi. Dalilinsa shi ne mutanen gari ne suka zaɓe shi, ikon da ke hannunsa aro ne, kuma ba su ba shi don ya kashe su da shi ba. Ranar da ya juya musu baya, ranar ya daina zama magajin gari, ko da yana zaune a kujerar. An harbe Alex, amma da hannun 'yan mamaya, kowa yana gani.

Daga nan garin ya canja. Ba wanda ya yi kirari, ba wanda ya hau doki. Mutane suka daina yi wa sojoji magana, suka daina dariya a gabansu. Injin mahaƙa ya riƙa lalacewa, layin dogo ya riƙa samun matsala. Annie mai dafa abinci, wadda tun ranar farko ta watsa wa sojoji tafasasshen ruwa, ta zama mai kai saƙo. Matar Alex, Molly, ta kashe wani hafsa da almakashi. Samari suka riƙa sulalewa Ingila cikin kwalekwale da dare, daga baya jirage suka riƙa sako nakiya da 'yan ƙananan lema, har da cakulan a ciki, yara suna tsinta a cikin ƙanƙara. Sojojin da suka ci garin suka koma su ne a tsare, ba sa barci, ba sa yarda da abincin da aka ba su. A ƙarshe Kanar ya kama Orden da abokinsa Likita Winter ya yi garkuwa da su, ya ce idan nakiya ta sake tashi za a kashe su. Orden ya nuna masa cewa ko ya roƙi mutane su bari ba za su bari ba, kuma idan an kashe shi akwai wasu da za su tsaya a wurinsa. Nakiya kuwa ta tashi.

To a nan bambancin yake. A ƙasar Ganɗoki iko yana sama, a hannun mutum ɗaya da fadawansa. Wanda ya kama wannan mutum, ko ya canja shi da ɗan'uwansa, ya kama ƙasa. A garin Orden iko yana warwatse a hannun mai dafa abinci da mahaƙi da masunci, shugaba wakili ne kawai, don haka babu kai ɗaya da za a sare a huta. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ganɗoki ya fi kowa a littafin Steinbeck jarunta nesa ba kusa ba, amma shi kaɗai ne da ɗansa. Wannan ita ce dimokuraɗiyya kamar yadda littafin ya nuna ta: ba ranar zaɓe kaɗai ba, a'a, mutane su saba da cewa garin nasu ne har ya zama ba su iya mantawa.

Sai dai kada mu ɗauki littafin Steinbeck kamar labaran rediyo. An rubuta shi ne don ƙarfafa gwiwar waɗanda aka mamaye, kuma ya yi wannan aiki, domin an fassara shi a ɓoye an raba a Nowe da Denmak da Holan da Faransa, bayan yaƙi kuma Sarkin Nowe ya ba marubucin lambar girma. A Amurka wasu sun zarge shi da cewa ya nuna abokan gaba kamar mutanen kirki. Amma marubucin yana zaune ne a ƙasar da ba a mamaye ba, yana da damar ya ƙare labarinsa yadda yake so. Malam Bello ba shi da wannan dama. Kuma a zahiri ba nakiyar 'yan gari kaɗai ta fitar da Jamus daga Nowe ba, sai da aka ci Jamus ɗin da yaƙi a 1945.

Kada kuma a ce talakawanmu ba su taɓa tashi ba. A 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo, suka tunkari sojoji da fartanya da gatari, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Bayan wata ɗaya aka dawo da rundunar da ta fi ta farko, aka kashe mutane masu ɗimbin yawa, aka rushe garin, aka hana sake gina shi. Babu jirgin da ya sako musu komai daga sama, kuma sarakunan lokacin suna gefen Turawa. A Haɗeja ma a wannan shekara Sarki Muhammadu ya tsaya ya yi yaƙi har aka kashe shi.

Akwai wani abu da ya fi ba ni haushi a duk wannan nazari. A littafin Steinbeck, Ingila ita ce ƙasar 'yanci, can ake gudu, daga can taimako ke zuwa. Amma a shekarar da littafin ya fito, 1942, Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan mahaƙun Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubban manoma daga lardunan Arewa, ta hannun hakimai da dagatai, ana kai su haƙar kuza dole a cikin sanyin Filato. Mutane suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Da yawa sun gudu, wasu cuta ta kashe su a can. Abin da Alex Morden ya ɗaga diga a kansa ke nan, aikin haƙa na tilas don yaƙin wani, kuma ga shi ana yi wa kakanninmu a lokaci guda. A wannan yaƙin ne kuma aka kwashi samarinmu zuwa Bama su yaƙi Japan, don kare 'yancin da su ba su da shi a gida. Ina ganin da Steinbeck ya zo Bukuru a wannan shekara, da ya sami wani littafin da zai rubuta, sai dai ban san wa zai buga masa ba.

Mu da ke Kaduna ba sai mun je nesa neman shaida ba, domin garinmu kansa 'yan mamaya ne suka kafa shi. Barikin soja aka fara yi, sannan a 1917 aka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru. Titin da manya har yanzu suke kira Waff Road sunan rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma ne, wadda ta ci Kano da Sakkwato. 'Yar gadar ƙarfe ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru tana nan a lambun Gamji, a bakin kogi, ana hawa ana ɗaukar hoto. Majalisar dokokin jiharmu, inda wakilan da iyayenmu suka zaɓa ke zama, a Lugard Hall take. Wasu na cewa a canja sunan. Ni dai na fi son a bar shi, a rubuta a bakin ƙofa abin da ya faru a Burmi da Satiru, kowa ya karanta kafin ya shiga.

Turawa sun tafi ranar 1 ga Oktoba 1960, wato 'yancin da Ganɗoki ya yi yaƙi dominsa ya samu bayan kusan shekara sittin. Ɗayan 'yancin, na a tambayi talaka wa yake so, bai zo tare da shi gaba ɗaya ba. Tun 1950 aka kafa NEPU a Kano, su Malam Aminu Kano suna cewa talaka ma yana da baki a mulki, kuma 'ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a kan haka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta sau da yawa saboda neman mata su yi zaɓe. A zaɓen 1959, wanda ya kai mu ga mulkin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Sai a 1976 aka ba su dama, kuma abin mamaki, gwamnatin soja ce ta ba su. Duk wadda kakarta ta haura shekara saba'in, ta tambaye ta yau da daddare ko ta tuna ranar da ta fara shiga layin zaɓe, da wanda ta zaɓa, ta kawo mana amsar mu liƙa a nan mako mai zuwa.